Hannu, Fili da Ma'ana: Karanta Zayyanar Hausa da Ma'aunin Zanen Duwatsu da Ruwa na Ƙasar Sin

Takardar da aka gabatar a taron masu nazarin fasaha da al'adu, Gudel, Yamai

Tsakure

Wannan takarda ta dubi zayyanar Hausa, ta fuskar gida da ta shafin Alƙur'ani, ta hanyar tambayoyi uku da masanan Sin suka daɗe suna yi wa zanensu na duwatsu da ruwa: yaya aka raba fili, yaya hannu ya tafi, kuma me aka nufa. Hujjarta ita ce yawancin abin da aka rubuta a kan zayyanarmu ya tsaya ga lissafa siffofi, ya bar hannun mai aikin da sunansa a baya. Wannan giɓi ne ya sa har yau ake ɗaukar ta ado kawai.

Gabatarwa



Na san wani zai ce me ya haɗa magini a Birnin Damagaram da mai zane a fadar sarakunan Song na ƙasar Sin. Ta fuskar tarihi babu wata hanya da ta haɗa su, kuma ba zan ƙago ta ba. Abin da ya kai ni Sin shi ne ma'auni. Sinawa sun fi shekara dubu suna rubuta yadda ake duban zane: sun san wane ya koyar da wane, sun sa wa kowane irin jan layi suna, sun yi gardama a kan wane ya fi wane. Mu kuwa muna da gwanaye, muna da aikinsu tsaye a lunguna, amma hukuncin da ake yi wa aikin yana bakin magina da alarammomi ne, bai shiga takarda ba. Saboda haka na ari tambayoyin Sinawa domin in yi wa namu aiki, amsoshin kuwa daga gida za su fito.

Abin da Sinawa ke dubawa

A wajen ƙarni na 6 wani masani mai suna Xie He ya jera sharuɗɗa shida na zane mai kyau. Abin lura shi ne yadda ya jera su. Na farko, a ji rai yana motsi a cikin zanen. Na biyu, ƙarfin jan burushi, wanda ya kwatanta da ƙashi a jiki. Kama da abin da aka zana sai a na uku ya zo, launi na huɗu, tsarin fili na biyar, koyi da magabata na shida. Wato kafin a tambayi ko dutsen ya yi kama da dutse, an riga an tambayi ko hannun da ya ja shi yana da ƙwari.

A zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, zanen duwatsu da ruwa ya kai ganiyarsa. Mu ɗauki aikin Fan Kuan na matafiya a tsakanin duwatsu da ƙoramu, wanda ke gidan tarihi na Taipei. Ƙyallen siliki ne mai tsawon mita 2 da ɗan kai. Dutse guda ya cinye kusan kashi biyu cikin uku na filin, ruwa yana zubowa siriri daga gefensa. A gindin dutsen an bar wuri babu tawada, ido yana karanta shi a matsayin hazo. Can ƙasa, sai an matso kusa, za a ga ayarin dabbobi da masu kora su, ƙanana ƙwarai. Jikin dutsen kuwa dubban ɗige-ɗige ne da aka buga da bakin burushi, masana suna kiran su ɗigon ruwan sama. Mai zanen ya ɓoye sunansa a cikin ganyayyaki, ba a gano shi ba sai a 1958.

Bayansa Guo Xi, wanda ya yi zanensa na farkon bazara a 1072, ya bayyana nisa iri uku: nisan da ake gani in an ɗaga kai daga gindin dutse, nisan da ake leƙawa ta bayan dutse, da nisan shimfiɗe, inda ido ke tafiya a kwance har ya ɓace. Ma Yuan kuma, a ƙarshen ƙarni na 12 da farkon na 13, ya shahara da tara zanensa a kusurwa guda ya bar sauran filin wayam. Ke nan a wurinsu filin da ba a taɓa ba yana cikin aikin, da gangan aka bar shi.

Tsarin fili: katanga da ƙofa

A nan nake so in daɗe, domin a nan nake ganin an fi yi wa zayyanar Hausa gurguwar fahimta.

An sha faɗa cewa magini Bahaushe ba ya son fili, duk inda ya ga sarari sai ya cike shi. Wanda ya dubi hotunan da ke cikin littattafai zai yarda. Amma a lura da yadda aka ɗauki hotunan. Mai hoto yakan tsaya daidai ƙofar zaure, ya cika idon na'urarsa da zanen, ya yanke katangar da ke dama da hagu. Abin da ya yanke ɗin nan shi ne rabin aikin.

Wanda ya taka da ƙafa a unguwar Birni ta Damagaram, ko cikin ganuwar Zariya, ya san yadda abin yake. Lungu ne siriri, katanga doguwa ta jar ƙasa a kowane gefe, babu taga, babu zane, sai indararo jefi-jefi. Ana tafe ido ya saba da wannan shiru na bango, sai lungu ya karya kwana, fuskar zaure ta bayyana: zane ya kewaye ƙofa, ya hau sama, ya ƙare a zankwaye. A wuce ta, katanga ta ci gaba yadda take. Ƙarfin da ƙofar ke da shi a ido daga katangar ya fito. Magini ya san haka, maigida ma ya sani, shi ya sa ba a kashe kuɗin zane a duk tsawon katanga ko da akwai hali. Dalilin kuma ba na ido ba ne kaɗai. Katanga sutura ce ga iyali, zaure shi ne inda gida ke gaisawa da gari, a nan baƙo ke yin sallama, a nan ake ɗaurin aure da zaman makoki. Inda aka yarda a kalla, nan aka yi wa zane.

Sinawa suna da wani irin zane da ake naɗewa kamar tabarma. Ba a rataye shi. Ana ɗora shi a kan tebur, a riƙa warwarewa da hannun hagu ana naɗewa da na dama, daga dama zuwa hagu, ba a ganin fiye da kamu biyu a lokaci guda. Zanen Huang Gongwang na duwatsun Fuchun, wanda ya sa wa hannu a 1350, irin wannan ne, babban ɓangarensa ya haura mita 6. Mai kallo yana tafiya ne a cikin zanen, ya wuce ruwa mai faɗi babu komai, sannan duwatsu su taso. Ina ganin lungun Birni haka yake aiki, sai dai a can hannu ke warware takarda, a nan ƙafa ke warware unguwa. Duk nazarin da ya raba ƙofa da lungunta ya ɗauki kamu guda ne daga naɗin ya ce shi ne zanen.

Haka abin yake a shafin Alƙur'anin hannu. Rubutu yana tsakiya, cunkus, layi a kan layi. Gefen takarda kuwa an bar shi da faɗi, sai a inda hizibi ya cika, ko sumuni, ko rubu'i, ko nusufi, ko wurin sujada, alama mai launi ta fito ita kaɗai a farin fili. Da an cika gefen da zane, da mai tilawa bai gane alamar ba. A wuraren da aka raba littafin kashi-kashi ne ake sakin hannu a yi zayyana mai cika shafi. Cikawa da bari suna tafiya ne da ƙa'ida.

Hannu

Tawadar Sin daga baƙin hayaƙi ake yin ta, galibi na itacen fayin, a haɗa da danƙo, a busar, sannan a goga a kan dutse da ruwa lokacin aiki. Tawadar allo a tsangaya daga gawayi ko baƙin tukunya ake yin ta, a haɗa da ƙaro. Ta rubutun takarda, wadda ba a so ta goge, akan haɗa ta da bagaruwa da kashin maƙera. Kusancin nan yana da ban sha'awa, amma kada ya ruɗe mu, domin abin rubutun ya bambanta. Burushin Sin gashin dabba ne mai laushi, yana shan ruwa, yana iya ba da baƙi wuluk da toka-toka a ja guda. Alƙalaminmu na gamba ne ko kara, mai tauri. Ana feƙe shi, a tsaga bakin, a yanke shi a karkace. Ba ya ba da inuwa-inuwa. Abin da yake bayarwa shi ne layi mai kauri, mai nauyi, wanda ya zauna daram a kan takarda, irin wanda aka san rubutun Kano da na Barno da shi.

Inda suka haɗu shi ne a wurin hukunci. A Sin, zane da rubutu abu ɗaya ake yi musu kallo, Zhao Mengfu na zamanin daular Yuan ya nanata cewa tushensu guda. A wurinmu ma mai zayyanar allon sauka da Alƙur'ani daga tsangaya ya fito, da alƙalamin da ya koyi baƙi da shi yake zane. Kuma mutanen tsangaya suna da idon gane hannu. A miƙa wa gardi warƙa guda, zai ce wannan hannun gabas ne, ko wannan hannun wane ne. Za a ji ana cewa hannun yaro bai faɗa ba tukuna, ko hannun tsoho ya soma rawa, ko rubutun wane ya zauna. Marigayi Sharif Bala Gabari na Kano ya yi suna ne saboda hannunsa, har kofen Alƙur'anin da ya rubuta, da aka buga a injin ɗab'i, suka bazu a kasuwannin ƙasar Hausa. Launukan ma ba a zuba su haka nan: a riwayar Warshu da ake rubutawa a nan, baƙi da tawada mai duhu, wasali da ja, hamza da ruwan ɗorawa. Tsofaffin kofe da yawa a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku aka yi su, wadda fatake suka riƙa kawowa ta hamada.

Akwai wani abu kuma. Mai zanen Sin na da ba ya kafa allonsa a gaban dutse yana kwafa. Yakan yi yawo cikin duwatsu, ya cika cikinsa da su, ya koma ɗaki ya zana da ka. Alaramma ma sunansa bai tabbata ba sai ya rubuta Alƙur'ani da ka. A duka biyun, abin da hannu ke fitarwa ya riga ya zauna a ƙirji.

Yanzu mu koma ga magini. Ga shi a kan tsani, yaronsa yana miƙo masa curin ƙasa da aka kwaɓa ta kwana. Ya yaɓa a bango, ya shata layi da yatsa, sannan ya bi layin yana ɗora ƙasa yana matse ta tsakanin babban yatsa da manuni har ta yi tudu. Babu takarda a hannunsa, babu magwaji sai kamu da taƙi. Rana tana cin ƙasar tun yana aiki, in ta sha iska ba ta karɓar gyara, sai dai a kankare a sake. Wannan matsi na lokaci shi ne irin wanda mai tawada ke ciki a kan siliki, inda layin da aka ja ya jawu ke nan. A ƙarshe a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, bango ya yi duhu ya yi ƙarfi.

Zanen tudu irin wannan ba shi da tawada, inuwa ce tawadarsa. Da hantsi da la'asar, lokacin da rana ke dukan bango a karkace, kowane layi yana jefa inuwarsa, zanen ya tashi. Da tsakar rana sai ya kwanta. Shi ya sa nake ganin asara ce babba in aka bi tsohon zanen tudu da fentin kanti mai sheƙi. Launi yana ƙaruwa, amma an kashe aikin yatsa. Ban ƙi fenti ba a inda aka yi zanen domin fenti tun farko, kamar gine-ginen gidan tarihi na Bubu Hama a nan Yamai, wanda aka kafa a 1959, inda shuɗi da fari suka dace da siffofin. Haka zanen da ake yankawa a ɗanyen siminti, shi ma sana'a ce mai nata hannu. Abin da na ƙi shi ne a haɗa su duka a kira su abu guda.

Sinawa sun san Dong Yuan da layinsa mai kama da zaren rama, sun san Li Tang da layinsa mai kama da saran gatari. Mu sunaye nawa muka riƙe? Muna da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830. Muna da Falke Barmu na garin Yama a jihar Tawa, wanda ya soma masallacin garin a 1962, aikin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Bayan waɗannan sai ƙalilan. Dole a yaba wa Hamman Tukur Sa'ad da Friedrich Schwerdtfeger, waɗanda suka zauna da magina suka saurare su, da Anthony Kirk-Greene da ya fitar da ɗan littafi kan gidajen Zariya masu zane tun 1963. Amma a wannan gefe na iyaka, a Damagaram da Maraɗi da Tawa, aikin da ya rage ya fi wanda aka yi yawa.

Ma'ana

Zan taƙaita a nan, domin fagen yana da santsi. A Sin an rubuta ma'anoni. Guo Xi ya kwatanta babban dutse da sarki a tsakiyar fadawansa. Fayin da gora da wani ɗan itace mai fure cikin sanyi suna nuna mutumin da wuya ba ta sauya shi. Ni Zan, wanda ya rayu daga 1301 zuwa 1374, galibin rayuwarsa a ƙarƙashin mulkin Mongol, yakan zana rumfa babu kowa a ciki, masana suka karanta hakan a matsayin janye jiki daga zamanin da bai yarda da shi ba.

A wurinmu wasu alamomin a fili suke. Takobi da bindiga a fuskar zaure suna maganar sarauta da jarumta. Keke, agogo, mota da jirgin sama, waɗanda suka shiga bangon Zariya a ƙarni na 20, suna cewa maigida ya ga zamani kuma ya samu. Amma dagi fa? Tun da ya zama tambarin Arewacin Nijeriya ake cewa haɗin kai yake nufi. Wannan ma'ana ce ta gaskiya a yau, sai dai dagi ya girme ta, yana kan riguna da fata da bango tun kafin siyasa ta ɗauke shi. Masaniya Labelle Prussin ta danganta irin waɗannan siffofi da hatimi da neman tsari. Mai yiwuwa ne. Shawarata ita ce kada mai nazari ya ɗora wa siffa ma'anar da bai ji daga bakin mai yin ta ko mai sayen ta ba, kuma in magini ya ce ya yi ne don ya yi kyau, a rubuta hakan a matsayin amsa cikakkiya.

Gudel da nisan shimfiɗe

Saura tambaya guda: zayyanar Hausa ba ta zana ƙasa da kogi ba, shin ƙofar a rufe take? Ban ga abin da ya rufe ta ba. Sananne ne a littattafan hadisi cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Musulmi sun taɓa aro daga Sin ma: a littafin tarihin duniya na Rashiduddini, da aka yi wa zane a Tabriz a farkon ƙarni na 14, duwatsu da itatuwan da salon Sin aka ja su. A kusa da mu kuma, Ibrahim El-Salahi na Sudan ya gina zanensa a kan layin da ya koya a makarantar allo, har gidan Tate na Landan ya yi baje kolin aikinsa a 2013.

Mu da ke zaune a wannan zaure ba ma bukatar tafiya nesa. Gudel tsohon garin Zabarmawa ne a bakin kogin Kwara, kuma ana iya sauka gaɓa daga nan da ƙafa. A watan Janairu ruwan da ya taso daga Gini yana cike da kogi, a daidai lokacin da hazon hunturu ya sauka. Garake kore a gaba, kwalekwalen masunci a tsakiya, tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai a ƙetare, gindinsu ya ɓace cikin ƙura. Nisa na uku na Guo Xi ke nan, ba tare da an aro dutse ko gora daga kowa ba. Gadar Seyni Kunce da Sinawa suka gina, aka buɗe a 2021, ta ratsa wannan fili da layi guda miƙaƙƙe. Matasanmu masu zane sun fi yin raƙuman dawa na Kure da faɗuwar rana mai jan launi, saboda su baƙi ke saye, kuma ba na zargin mai neman abinci. Amma yaron da ya yi shekaru yana jan alƙalami a allo yana da hannun da makarantar zane ba ta iya bayarwa cikin wata shida. Bai kamata a ce masa ya ajiye wannan hannu a ƙofar aji ba.

Roƙona ga cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Jami'ar Abdu Mumuni, wadda ke riƙe da dubban rubuce-rubucen hannu, da gidan tarihi na ƙasa, da ku ɗaliban da ke neman batun kundi, shi ne wannan. In za ku ɗauki hoton ƙofa, ku ɗauko ta da katangarta da lungunta, ku rubuta lokacin da kuka ɗauka. Ku tambayi sunan maginin, da sunan wanda ya koya masa, da abin da suke kiran kowane layi a bakinsu. Ku kai wa alaramma warƙa biyu ku ce ya zaɓi wadda ta fi, sannan ku rubuta dalilinsa kalma da kalma. Tsofaffin da suka san waɗannan amsoshi suna nan da rai a Damagaram da Tawa da Maraɗi, kuma kowace damina tana cin wani bango. Ku je musu a bana.